KUMBURI DA MARURU A GABAN MACE, DA YADDA A KE AIKINSU A ASIBITI

 

Yau za mu taɓa wata magana wadda mutane ba su son ambatonta a fili. Maganar wani kumburi ce da ya kan fito wa mata a bakin gaba. Wani sa'i ya kan zauna shiru ba ciwo, wani sa'i kuwa ya tara mugunya, ya hana mace zama, ya hana ta tafiya, ya hana ta barci. Na san akwai gidajen da za a ce wannan ba zancen rediyo ba ne. To, a gafarce ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. A ɗakin magani na sha ganin matan da kunya ta tsare su a gida kwana 7, kwana 10, suna juyi a kan tabarma, alhali kuwa aikin da zai raba su da wahalar bai kai rabin sa'a ba. Saboda haka ku matso kusa, mata da maza, ku ji yadda abin ya ke.

INDA KUMBURIN YA KE FITOWA

A jikin kowace mace akwai waɗansu 'yan maɓuɓɓugai guda 2, ɗaya a dama ɗaya a hagu, can ƙasa a gefen bakin farji. In an kwatanta wurin da fuskar agogo, ɗaya tana wajen ƙarfe 4, ɗaya wajen ƙarfe 8. Girman kowace bai wuce ƙwayar wake ba, mace mai lafiya ba ta ganinsu, ba ta kuwa jin su da hannu. Aikinsu shi ne su tsatso ɗan ruwa mai yauƙi wanda ya ke sa wurin laima, musamman lokacin saduwa da miji. Kowace tana da 'yar magudana siririya, tsawonta wajen inci 1, ta nan ruwan ya ke bi ya fito.

Likitoci suna kiransu da sunan Batolin, wani masanin jikin ɗan Adam na ƙasar Denmak wanda ya bayyana su a 1677. In kun ji likita ya ambaci wannan suna, kada ku tsorata, ba sunan wata muguwar cuta ba ne.

Ku dubi indararon soro. In ganye da ƙasa suka toshe shi, ruwan sama ba ya fasa zuba, sai ya taru a kan rufi. Haka wannan magudana ta ke. In bakinta ya toshe, maɓuɓɓugar ba ta daina aikinta, ruwa ya yi ta taruwa a baya har magudanar ta kumbura ta zama jaka. A cikin mata 100, wajen 2 su kan gamu da wannan a zamansu na duniya. Ya fi samun mata tsakanin shekara 20 da 30, kuma galibi gefe ɗaya ya ke fitowa.

JAKAR RUWA DABAM, MARURU DABAM

Kumburin iri biyu ne, ya kamata ku san bambancinsu.

Na fari jakar ruwa ce kawai. Tana da taushi, ba zafi, ba ja, tana girma sannu a hankali. Wata kamar gujiya, wata kamar goro, wata har ta kai ƙwan kaza. Ƙarama ba ta damun mace, sau da yawa ma sai wajen wanka ta ke jin ta. Babba kuwa ta kan tokare wajen tafiya da zama da kwanciyar aure.

Na biyu shi ne maruru. Wannan ya kan faru in ƙwayoyin cuta suka shiga jakar, ko maɓuɓɓugar kanta. Cikin kwana 2 ko 3 wurin ya kumbura, ya yi ja, ya yi zafi, yana zogi kamar ana buga ganga a ciki. Mace ba ta iya haɗa ƙafafu, ta kan zauna a karkace a ɗuwawu ɗaya. Wata har da zazzaɓi da rawar ɗari.

ABIN DA YA KE KAWO SHI

A nan ina roƙon magidanta su kasa kunne da kyau. A dā an ɗauka ciwon sanyi ne kusan kullum ya ke kawo wannan maruru. Yanzu da aka yi ta auna mugunyar a ɗakin gwaji, an ga yawancinsa ƙwayoyin cuta ne irin waɗanda su ke zaune a hanjin kowa da fatar kowa, suka sami hanya suka shiga. Ciwon sanyi da danginsa su kan kawo shi wani lokaci, gaskiya ne, amma ba su ne mafi yawa ba. Budurwa wadda ba ta san namiji ba tana iya samunsa. Don haka kada wani ya ga matarsa da wannan kumburi ya zarge ta da abin da ba ta yi ba. Ba sammu ba ne kuma, ba aikin kishiya ba ne.

Magudanar ta kan toshe saboda ruwan ya yi kauri, ko saboda wani ɗan ciwo da ya warke ya bar tabo, ko ƙari da ɗinki na wajen haihuwa, ko yankan da aka taɓa yi a wurin. Sau da yawa kuwa ta kan toshe haka nan kawai.

ABIN DA ZA A YI A GIDA

In kumburin ƙarami ne, sabon fitowa, ba zazzaɓi, ki sami daro mai tsabta, ki zuba ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannunki za ta iya jurewa, ki zauna a ciki minti 10 zuwa 15. Ki yi haka sau 3 ko 4 a yini, har kwana 3. Ɗumin ya kan rage zogi, wani lokaci ya buɗe magudanar, ko ya sa marurun ya fashe da kansa. Kina iya shan farasitamol saboda ciwo. In kwana 3 sun cika ba sauƙi, ko kumburin yana ƙaruwa, ko zazzaɓi ya shigo, sai ɗakin magani. In ya fashe da kansa za ki ji sauƙi nan da nan, amma duk da haka ki zo a duba, don ba kullum ya ke zubewa duka ba.

Kada ki matse shi. Kada ki soke shi da allura ko ƙaya ko reza. Kada ki cusa kanwa ko gishiri ko wani haɗin ganye a wurin, fatar nan laushi gare ta, ƙuna za ki ƙara mata.

Kada kuma a kira wanzami ko ungozomar gida su yi sakiya ko tsaga. Ba raina sana'ar kowa na ke yi ba, dalilai ne da ni guda uku. Na ɗaya, a ƙarƙashin wurin nan akwai tarin jijiyoyin jini, in aska ta same su jinin ba ya tsayawa da sauƙi. Na biyu, askar da ba a dafa ba ta kan ɗauko ciwon sarƙe haƙora, da ciwon hanta, da cuta mai karya garkuwar jiki. Na uku, ba kowane kumburi a gaban mace ne irin wannan ba. Akwai jakar da ta kan fito a jikin bangon farji daga ciki, akwai wadda ta kan fito kusa da mafitar fitsari, wani kuwa mafitsara ce ko mahaifa ta sauko. Wanda bai san bambancinsu ba, in ya sa aska yana iya huda mafitsara. A cikin matan da a ke yi wa ɗinkin yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina da sauran asibitoci irinta, akwai waɗanda yankan gishiri ne ya kai su. Kada garin neman gira a rasa ido.

AIKIN ASIBITI

Da farko ma'aikaci zai yi miki tambayoyi, sa'an nan a duba wurin a bayan labule. Kina da iko ki ce kina son mace ta duba ki, ko mace ta tsaya kusa. In jakar ƙarama ce, ba ta damunki, ba ki kuwa kai shekara 40 ba, mai yiwuwa a ce a bar ta. Ba sakaci ba ne, ba kowace jaka ta ke bukatar wuƙa ba. Amma in ta yi girma, ko ta zama maruru, sai a yi aiki. Abin da ya fi ƙarfin ɗakin magani, za a ba ki takarda zuwa babban asibiti. Ga hanyoyin da a ke bi.

Hanya ta fari: tsagawa a zubar

A kan wanke wurin, a yi allurar kashe zafi, a yi 'yar tsaga daga ciki inda fata ta ke da laushi, mugunya ta zube, a wanke ramin da ruwan gishiri mai tsabta. Wani lokaci da sirinji kawai a ke zuƙe ruwan. Sauƙi nan take ya ke zuwa, macen da aka shigo da ita a riƙe ta kan fita da ƙafarta.

Amma wannan hanya tana da aibi babba. Cikin 'yan kwanaki bakin tsagar ya kan haɗe, magudanar kuwa har yanzu a toshe ta ke. Ruwa ya sake taruwa, ciwo ya komo. Na tuna wata mata da aka kawo mana, sau 3 ana fasa mata a gida cikin shekara guda, kowane karo ta ce ta warke, bayan wata 3 ko 4 ya dawo. Ba wani asiri a ciki, ƙofa ce ba a bar wa ruwan ba. Saboda wannan likitoci ba su so su tsaya kan tsagawa kaɗai. Abin da a ke nema shi ne a yi wa maɓuɓɓugar sabuwar ƙofa wadda ba za ta rufe ba. Hanya ta biyu da ta uku duka nufinsu ke nan.

Hanya ta biyu: sa 'yar roba

Kun san yadda a ke yi wa yarinya hujin kunne. In an huda aka bar shi haka, sai ya toshe. Amma in an sa zare ko tsinke aka bari ya yi makonni, fata ta kan bi ramin ta lulluɓe shi, ko an cire zaren kafar tana nan har tsufa. To, dabarar ke nan.

Wani likita na Amurka, Buford Word, shi ya fito da wannan roba a 1964, har yau kuwa da sunansa a ke kiranta. Siririya ce, tsawonta wajen inci 2, a kanta akwai ɗan balan-balan. Bayan allurar kashe zafi, likita zai yi 'yar tsaga wadda ba ta kai rubu'in inci ba, ya zubar da abin da ke ciki, ya zura kan robar cikin ramin, sa'an nan ya cika balan-balan ɗin da ruwa kamar rabin ƙaramin cokali don kada ta zame. Ɗaya bakin robar a kan tura shi cikin farji don kada ya sarƙe da tufafi. Aikin duka wajen minti 15 ne, mace ta koma gida ran nan.

Robar ta kan zauna wajen mako 4. Ruwa yana ta bi ta gefenta yana fita, fata kuwa tana lulluɓe sabuwar kafar. Ran da aka sa miki ki komo, a tsotse ruwan balan-balan ɗin, a zare ta, ba wani zafi. Aibinta shi ne ta kan faɗi tun lokaci bai yi ba. In ta faɗi cikin kwanakin farko, ki koma a duba ko za a sa wata. Kada ki ja ta, kada ki yi ƙoƙarin mai da ita da kanki. Ba kowane asibiti ya ke da irin wannan roba ba. Inda babu, waɗansu likitoci su kan zura wata siririyar roba ta shiga ta tsaga ɗaya ta fito ta ɗaya, a ɗaure ta kamar zobe, aikinsu ɗaya ne.

Hanya ta uku: ɗinkin bakin aljihu

Wannan aiki an bayyana shi tun 1950. Sunan da likitoci su ke kiransa an ɗauko shi ne daga jakar nan da kangaru, dabbar Ostareliya, ta ke goyon ɗanta a ciki. Mu dai mu ce ɗinkin bakin aljihu, don haka ya ke. In tela ya tsaga riga zai yi aljihu, ba ya barin bakin haka, sai ya kalmashe shi ya ɗinke, aljihu ya zauna a buɗe.

Likita zai tsaga jakar wajen inci 1 ko ƙasa da haka kaɗan, ya zubar da ruwan, ya wanke. Sa'an nan ya jawo bakin jakar na ciki ya ɗinke shi da bakin fata na waje, kewaye, da zare irin wanda ya ke narkewa da kansa. Ba sai an komo cire zare ba. Da fari ƙofar tana da faɗi, amma cikin makonni ta kan tsuke ta zama 'yar kafa, maɓuɓɓugar ta ci gaba da aikinta ta nan.

A kan yi shi a ɗakin fiɗa. Wata a yi mata allurar kashe wurin kaɗai, wata allurar baya wadda ta ke kashe rabin jiki, wata a sa ta barci. In za a sa ki barci, za a ce kada ki ci kome wajen sa'a 6 kafin aiki, ki kiyaye wannan ƙwarai. Aikin bai cika wuce rabin sa'a ba. Yawanci a kan koma gida ran nan ko kashegari, miki kuwa ya warke cikin mako 2 zuwa 4. An fi yin wannan ga wadda ciwon ya sha komo mata, ko wadda roba ta ƙi zama. Matar nan da na ambata, shi aka yi mata, na kuwa gan ta bayan shekara 2 ta kawo ɗanta rigakafi, ciwon bai komo ba.

Akwai waɗansu dabaru kuma da a ke yi a waɗansu wurare. A kan sa ɗan gutsuren wani magani mai ƙuna da a ke yi da azurfa a cikin ramin, ya ƙone bangon jakar, bayan kwana 2 a cire. A kan wanke ramin da sifirit mai ƙarfi don ya manne. A kan kuma ƙone jakar da hasken leza, amma wannan na'ura tsada gare ta, sai manyan asibitoci.

Hanya ta huɗu: cire maɓuɓɓugar ɗungum

Mutane da yawa su kan ce, "Likita, a cire abin gaba ɗaya mana a huta." Ba a gaggawar yin haka. Wannan shi ne mafi girma cikin ayyukan. Maɓuɓɓugar tana can ciki, jingine da jijiyoyin jinin nan da na faɗa, saboda haka a kan zubar da jini fiye da sauran, wani lokaci jini ya taru a ƙarƙashin ɗinki ya kumbura. Waɗansu tabon ya kan dame su wajen kwanciyar aure. Sai a ɗakin fiɗa, da maganin barci ko allurar baya, a hannun likitan mata wanda ya saba. Ba a yinsa sa'ad da wurin ya ke cike da mugunya, sai an zubar, kumburi ya kwanta tukuna. Warkewa ta kan ɗauki mako 4 zuwa 6.

A kan yi shi in an gwada sauran hanyoyi ciwo ya ƙi daina komowa, ko kuwa in likita yana shakkar abin da ke cikin kumburin.

WACE HANYA TA FI?

A ƙasar Holan an gwada roba da ɗinkin bakin aljihu a kan mata 161, aka raba su kashi biyu, aka bi su shekara guda, aka buga sakamakon a 2017. A kowane kashi, wajen mace 1 cikin 10 ce ciwon ya komo mata. Watau kusan kunnen doki suka yi. Roba ta fi saurin yi, ba ta bukatar ɗakin fiɗa. Ɗinki kuwa ba ya barin ki da wani abu a jiki, ba kuma zancen faɗuwa. Don haka in likita ya zaɓi ɗaya, ya duba girman kumburin ne, da sau nawa ya taɓa fitowa, da kayan aikin da ke hannunsa, da nisan garinku. Ki gaya masa gaskiya in komowa bayan mako 4 zai yi miki wuya. Ki tambaye shi wane aiki zai yi, da yaushe za ki komo. Tambaya ba rashin kunya ba ce.

ZANCEN KAFSO DA ALLURA

Da yawa su kan fara zuwa kemis su sayi kafso, su sha 2 yau, 2 gobe. Ku sani, mugunyar da ta taru a rami magani ba ya kai mata sosai, sai an ba ta hanya ta fita. Mace mai ƙoshin lafiya in an zubar mata da kyau, sau da yawa ba ta bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta ko kaɗan. A kan ba da shi in akwai zazzaɓi, ko ja da kumburi sun bazu, ko mace tana da ciki, ko ciwon sukari, ko garkuwar jikinta ta yi rauni, ko gwaji ya nuna ciwon sanyi. In an ba ki, ki shanye duka yadda aka faɗa, ko da kin ji sauƙi. In kuwa ciwon sanyi ne, lalle a yi wa maigida magani, da abokan zama in akwai, a lokaci guda. In ba haka ba, za a yi ta miƙa wa juna.

MATA UKU DA BA ZA SU JIRA BA

Mai ciki kada ta tsaya gwada ruwan ɗumi kwana da kwanaki. Ana iya zubar da maruru a sa roba ko a yi ɗinki da ciki, ba ya taɓa jariri. Gara a yi tun naƙuda ba ta zo ba. Cirewa ɗungum dai a kan bari sai bayan haihuwa.

Mai ciwon sukari ita ma ta zo ran da ta gani. A jikinta ƙwayoyin cuta su kan yi gudu, maruru ƙarami yana iya cin nama ya bazu cikin kwana 1 ko 2, har ya kai ga rai.

Ta uku ita ce wadda ta wuce shekara 40, musamman in haila ta ɗauke. A wannan shekaru maɓuɓɓugan sun riga sun ƙanƙance, sabon kumburi a wurin abin dubawa ne, ko da ba ya ciwo. Likita zai yanki ɗan ƙanƙanen nama ya aika ɗakin gwaji. Mafi yawa a kan tarar ba kome. Amma jefi-jefi ciwon daji ya kan fara a nan, wanda kuwa aka kama da wuri shi a ke iya magancewa. Iya, in kin ji ƙullutu mai tauri wanda ba ya motsi, ko gyambon da ya ƙi warkewa, kada ki ce na tsufa da nuna jikina.

BAYAN AIKI

Ɗan jini da ɗan ruwa za su riƙa fita kwanaki kaɗan, wannan ba abin tsoro ba ne. Ki sa audugar mata, ko ƙyalle wankakke wanda ya bushe a rana, ki riƙa sakewa. Bayan kwana 1 ko 2 ki koma zama cikin ruwan ɗumi, ruwa zalla, sai abin da likita ya ce a zuba. In kin kama ruwa, ki wanke daga gaba zuwa baya, kada ki jawo ƙazantar baya zuwa miki. Sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wurin shiga. Ki sha ruwa da yawa, ki ci ganye da 'ya'yan itace don kada bayan gida ya yi tauri. Daka da ɗaukar tulu da hawan babur a dakata da su kwanakin farko.

Ki komo maza, ko da dare ne, in jini ya jiƙe ƙyalle sharkaf cikin sa'a guda, ko zazzaɓi ya tashi, ko zogi yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko kumburi ya bazu, ko fitsari ya ƙi fita.

Tambayar da mata su ka fi yi mini a asirce ita ce, "Malam, zan ƙara haihuwa?" Za ki haihu, in Allah ya nufa. Waɗannan maɓuɓɓugai a bakin ƙofa su ke, ba ruwansu da mahaifa, ba ruwansu da ƙwan haihuwa. Ko an cire ɗaya, ɗayar tana nan, bangon farji kuma da kansa yana kawo laima.

KALMA GA MAIGIDA

Maigida, sau da yawa kai ne mabuɗin wannan al'amari. Mace ba za ta ce maka ga abin da ke damunta ba. Amma in ka ga tana tafiya a tale, tana zama a karkace, tana guje wa shimfiɗa, kada ka yi fushi, ka tambaye ta da lalama, ko ka sa yayarta ko uwarta ta tambaye ta. Ka ba ta izini, ka ba ta kuɗin mota da na magani, ka raka ta in da hali. In za ka yi tafiya, ka bar izinin zuwa asibiti a gida tun kafin ka fita. Aikin da za a yi yau a ɗan lokaci, in aka bari ya yi mako 2 yana iya zama kwanciya da ƙarin ruwa da kuɗi ninki.

Bayan aiki kuma ka yi haƙuri da shimfiɗarta wajen mako 4, ko har an cire roba, ko har likita ya ce miki ya warke. Ran da aka sa mata ta koma, ka tuna mata, ko da ta ce ta warke sarai.

Ku da kuka ji, ku gaya wa waɗanda ba su ji ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na gida. Mai tambaya kuwa ta zo ɗakin magani mafi kusa da ita, abin da ta faɗa mana ba ya fita waje.

A nan za mu dakata. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu lafiya lafiya.